Teburin wasa na miliyoyi: me ake saya a cikinsa, kuma wa zai saya a nan?

Sabi'u Kafinta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka fi ni sanin kasuwa. Wani Alhaji da nake yi wa ƙofofi da kabad ɗin kicin a sabon gidansa ya ware ɗaki guda a ƙasa, ya ce na wasa ne, shi da 'ya'yansa da baƙinsa. Tebur biyu yake so. Na farko na snuka, babba irin wanda ake gasa a kai a talabijin. Na biyun ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoton da ya turo mini. In ka kalle shi teburin cin abinci ne, amma samansa falankai ne da ake ɗagewa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashinsu akwai rami mai zurfin kamar yatsu huɗu an shimfiɗa masa ƙyalle, a gefe kuma ga wurin ajiye kofi da kati. Wanda ya yi masa lissafin shigo da su daga waje ya kira miliyoyi masu yawa, shi ne ya ce in duba ko zan iya yi masa a nan. Tambayata biyu ce. Mene ne a cikin teburan nan da ya sa suke wannan tsada? Sannan in na koyi yin su, akwai kasuwa a garin nan ko Alhajin nan ne kaɗai?

Hajiya Binta Mai Kayan Ɗaki:
Wa'alaikumus salam Malam Sabi'u. Ka turo hoton na biyun mu gani. Ni ma wata ta taɓa tambayata irinsa a shago.

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumus salam. Malam Sabi'u, bari in ɗauki na snukar, don ina bugawa a nan Ingila kuma na ga yadda ake kwance shi a sake ɗaurawa. Abu na farko, ka cire a ranka cewa aikin katako ne. Katakon da kake gani riga ce kawai. Tebur cikakke ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 6 faɗi, kuma abin da ke ƙarƙashin koren ƙyallen nan dutse ne, irin wanda ake yin allon sulet da shi. Guda 5 ne ake jerawa, kaurin kowanne ya kusa inci 2, an goge su da inji har sun zama daidai wa daida. In ka haɗa dutsen da gangar jikin, nauyin ya haura tan ɗaya. Shi ya sa yake da ƙafafu 8.

Da can na katako ake yi, sai aka ga katako yana motsi da yanayi, ƙwallo tana karkata. Wani mai ƙera tebur a Landan, John Thurston, shi ya fara sa dutse a 1826, daga baya ya kawo roba a gefe maimakon tsummokaran da ake cusawa. Har yau a kan wannan tsarin ake.

Bayan dutse sai ƙyalle. Na gasa ulu ne zalla, kamfanin Strachan ke yin shi a yankin Stroud na Ingila, kuma yana da gashi mai kwanciya gefe guda, daga wajen da ake fara bugu zuwa wajen baƙar ƙwallo. Da buroshi ake share shi ta wannan gefen kaɗai, a bi shi da dutsen guga na musamman. In ka share shi baibai ka lalata gudun ƙwallo. Sai robar gefe, wadda a tebur na gasa akwai ƙarfe a bayanta don ƙwallo ta dawo da ƙarfi iri ɗaya a ko'ina. Sai ƙwallayen, guda 22, waɗanda ake ji da su samfurin Aramith ne daga Beljiyam. Teburin da kuke gani a gasar duniya da ake yi a zauren Crucible na garin Sheffield na kamfanin Chaina ne, Star, ko Xing Pai, kuma har da na'urar ɗumama dutsen a ƙasansa don kada danshi ya rage gudun ƙyallen. Sabon irinsa ya haura fam 10,000 tun ba a yi maganar ɗauko shi ba.

Abin da nake so ka fara yi gobe shi ne ka auna ɗakin. Tebur cikakke yana son ɗaki ƙafa 22 da 16, saboda sandar ta kusa ƙafa 5 kuma dole mai bugu ya samu wurin ja da baya ta kowane gefe.

Auwalu Mai Snuka:
Injiniya ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma wannan ba shi muke kira snuka a nan ba. Namu ƙafa 7 ne ko 8, ƙwallo 15 da fara ɗaya, wani ya ɗauki masu zane wani ya ɗauki marasa zane. Ni tebur uku ne a rumfata. Na farkon da na saya na katakon nan ne na garin katako da aka matse, MDF. Damina ɗaya ta kumbura shi. In ka sa ƙwallo a tsakiya ka ɗan taɓa ta, sai ka ga tana tafiya a hankali tana neman rami guda, kullum wannan ramin. Yaran unguwa duk sun gane, sai baƙo ya zo su yi ta cinye shi, ƙarshe rigima ta tashi. Daga baya na koma mai mabul, kuma wallahi ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Don haka Oga Sabi'u, ka je wajen masu yankan mabul su yanka maka, ka yi gangar jiki mai ƙarfi, ka sayi roba da ƙyalle a Legas. Ba sai an je Ingila ba.

Injiniya Bashir:
Auwalu ƙanina, a tebur ƙafa 7 na yarda da kai, falle ɗaya ne, ɗan karkata ba ya nunawa sosai. A ƙafa 12 labari ya canza. Masu yankan mabul na kicin sheƙi suke nema, ba su damu da ko tsakiya ta ɗara gefe da kaurin takarda ba, kuma fallen nasu siriri ne, yana iya lanƙwasa in babu abin tallafi a ƙasa. Ƙwallon da za ta yi tafiyar ƙafa 11 a hankali za ta tona duk wannan. Ga kuma huda: ana huda dutsen a ɗaure gefunan da kusoshi, a yanka bakin ramuka shida. Sulet yana karɓar wannan aikin ba tare da ya tsage ba, mabul yakan ɓare.

Auwalu Mai Snuka:
To shi Alhajin gasar duniya zai yi a gidansa?

Injiniya Bashir:
A'a. Amma wanda ya biya kuɗin tebur babba, ranar da abokinsa da ya iya wasa ya zo ya ce teburin nan ya karkace, sunan Malam Sabi'u za a kira.

Alhaji Nura Gwanzu:
Salamu alaikum. Ni ɓangaren dako zan yi magana, don nan ne kuɗin mutane ke narkewa ba su sani ba. A Chaina akwai teburan nan kowane mataki, daga na yara har na gasa. Su ne ma kasuwar yanzu. Tun da Ding Junhui ya ci gasar China Open a 2005 wasan ya kama ƙasar, ga Zhao Xintong ya ɗauki kofin duniya a 2025. Akwai wata gunduma, Yushan, a lardin Jiangxi, inda ake fasa dutsen ake gyara shi, har gasar World Open ake yi a can. Saboda haka farashin masana'anta ba shi ne abin tsoro ba.

Abin tsoron shi ne hanya. In ba kwantena guda ka cika ba, haɗaka za ka yi da kayan wasu, kuma masu jirgi suna duba girman akwati da nauyinsa su caje ka da wanda ya fi tsada. Dutse kuwa nauyi ne zalla. Ya sauka Apapa ko Tin Can, ga kwastan, ga harajin VAT kashi 7.5, ga ɗan kiliya, ga kuɗin kwana in takarda ta maƙale. Daga nan a ɗora a tirela a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Falle biyar ɗin nan tare aka goge su a matsayin saiti ɗaya. Ɗaya ya fashe a ramin hanya ko a hannun 'yan dako, ba za ka je kasuwa ka sayo madadinsa ba.

Sai canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Kayan dala 10,000 da ake lissafa shi miliyan 4.6 ya koma miliyan 15, alhali teburin bai ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Don haka wanda ya yi wa Alhaji lissafi ba lallai ne ya cuce shi ba.

Dakta Maryam:
Salam alaikum. Na ga hoton da Malam Sabi'u ya turo wa Hajiya. Wannan na san shi sosai, a nan Amurka ake yayinsa, kuma ba shi da alaƙa da snuka ko kaɗan. Na masu wasannin allo ne, wato dangin ludo da dara amma masu sarƙaƙiya, da katuna da 'yan gumaka da taswira. Akwai wasan da ake awa shida zuwa takwas ba a gama ba, akwai wanda ake ci gaba da shi mako bayan mako, kamar Dungeons & Dragons da aka fara tun 1974. Matsalarsu ita ce a gida tebur ɗaya ne babba, kuma a kansa ake cin abinci. To shi ne aka yi wannan dabarar: a yi wasa a cikin ramin, lokacin abinci ya yi a rufe da falankai, a ci a tashi, gobe a buɗe a tarar da komai yadda aka bar shi.

Masu wannan sha'awar suna da yawa. Taron Gen Con da ake yi a Indianapolis duk shekara yana tara sama da mutum 70,000. Wani kamfani a jihar Massachusetts, Wyrmwood, ya nemi mutane su biya kuɗin teburinsa tun kafin a ƙera, ta dandalin Kickstarter a 2020, ya tara kusan dala miliyan 8.8. Farashinsu yana hawa ne da irin katakon da ka zaɓa. Na ƙasarsu ya fi sauƙi, masu tsadar sun haɗa da wenge da zebrawood, waɗanda daga dazukan Afirka ta Tsakiya ake kai musu su, irin su Kamaru da Gabon da Kongo.

Ni a ganina wannan na biyun aikinka ne tsaf, Malam Sabi'u. Babu dutse, babu roba. Abin da ke sa shi tsada a nan ladan ma'aikaci ne, wanda ake biya da awa, da kuma kyawun haɗi. Wurin da ake gane gwani shi ne mahaɗar falankan. In yaro ya zubar da shayi a sama, kada ko ɗigo ya sauka a kan katunan da ke ƙasa.

Sabi'u Kafinta:
Na gode Dakta. Wannan mahaɗar na gane ta, sai a yi wa falanki ɗaya harshe ɗayan kuma a fere masa baki ya shige, a ƙasa a bar 'yar kwata da ruwa zai tsaya. Zan iya. Tsorona katako.

Malam Isa:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Ina karanta miliyoyin nan gabana yana faɗuwa. A garin da ake kwana da yunwa, mutum ya zuba kuɗin da zai riƙe marayu shekara guda a teburin wasa? Allah ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27. Sannan mun san abin da ke faruwa a rumfunan snuka: yara suna sa kuɗi, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, hukuncinta yana Suratul Ma'ida aya ta 90. A kira salla suna riƙe da sanda. Ni ina ganin Sabi'u ya nemi wani aikin.

Auwalu Mai Snuka:
Allah gafarta Malam, maganar caca gaskiya ce, akwai wuraren da ake yi, kuma su suka ɓata mana suna. Ni a wajena na rubuta a bango ba a sa kuɗi, kuma ana kiran salla nake tattara ƙwallaye in kulle a akwati. Wanda bai yarda ba ya tafi wani wuri, wasu sun tafi ɗin. Amma ina roƙon Malam ya dubi yaran nan. In ba su tsaya a nan ina kallonsu ba, Malam ya san lungun da za su je.

Hajiya Binta Mai Kayan Ɗaki:
Malam Isa, Allah ya ƙara lafiya, nasiharku ta shiga. Sai dai ni da nake sayar da kayan ɗaki ina ganin abin da ake kashewa a gadon amarya da kujeru da kabad na nuni, wasu har bashi ake ci, bayan shekara biyu a ce yayi ya wuce a sake. Mai gidan da ya ce yana son 'ya'yansa su zauna a gida su yi wasa a gabansa, ni ban ga laifinsa ba in dukiyarsa ce kuma ya fitar da haƙƙin Allah a cikinta. Kuma in Malam Sabi'u ya yi aikin, kuɗin a Kano za su tsaya, yaransa na shago su samu.

Malam Isa:
Hajiya, wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kama hankalina. In dole sai an kashe, gara a hannun namu. Amma ina nan a kan bakana game da babban na waje. Sabi'u, in ka samu fuska ka faɗa masa ya rage.

Baba Haladu 'Yan Katako:
Sabi'u ɗana, ka ce tsoronka katako, kuma ka yi gaskiya. Yawancin abin da ke sauka a Na'ibawa daga kudu ɗanye ne, an yanka an loda an taho. Kafinta ya saya yau ya fere gobe. A watan Agusta ka haɗa tebur ya yi kyau, falanki ya zauna a kan falanki ko allura ba ta shiga. Hunturu ya busa a Janairu, sai ka ji ƙas da dare, da safe ka ga tsaga, mahaɗa ta buɗe har kana hango ƙasa. Iskarmu ta rani tana tsotse ruwan katako fiye da ta ko'ina, damina kuma ta mayar masa. Teburin da aikinsa duka shi ne falankai su haɗu su rufe, wannan motsin shi ne ajalinsa.

Yadda iyayenmu suka koya mana: a yanka falankan, a shafa wa bakin kowanne fenti ko kakin zuma don kada bakin ya riga tsakiya bushewa ya tsage. A ɗaga su daga ƙasa a kan bulo saboda gara. Tsakanin falanki da falanki a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya, a jere su saitin juna daga ƙasa har sama, a ɗora nauyi a kai, a cikin inuwa inda iska ke ratsawa. Rana kai tsaye tana murɗa shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kaurin inci ɗaya shekara ɗaya, ko da yake a nan ya kan fi sauri. In ka ƙwanƙwasa busasshe za ka ji ƙara tas, ɗanye kuwa dum yake yi. Yanzu akwai 'yar na'ura mai ƙusa biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan ruwansa, ka sa Alhaji Nura ya taho maka da ita.

Irin katako kuwa, maɗaci ka nema, shi ne mahogani ɗinmu, ja ne mai kyau kuma yana karɓar goge. Ƙawo ya fi shi nauyi da zama wuri ɗaya, sai dai yana cin bakin zarto. Loko ma ba laifi.

Khalifa:
Baba, madobiya fa? Na ji ita Turawa da 'yan Chaina suke rububi. In aka yi da ita ai sai a sayar a waje da dala. Yaya Sabi'u ya buɗe shafi a Instagram, Dakta ta nemo masa masu saye a Amurka. Me zai sa su kwashi katakonmu su ƙera su sayar da tsada mu muna kallo?

Baba Haladu 'Yan Katako:
Khalifa jikana, madobiya an gama da ita ina kallo. Wadda a Taraba suke kira madrid. Shekarun baya tirela bayan tirela aka yi ta fitar da gungumanta zuwa Chaina, har manyan bishiyoyin suka ƙare aka koma sare ƙanana. Makiyaya ma sun ji a jikinsu, don ganyenta dabbobi ke ci da rani. Ni ba na sayar da ita yanzu.

Alhaji Nura Gwanzu:
Ƙari a kan maganar Baba: tun 2017 madobiya tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron 2022 aka ƙara maɗaci da ƙawo a jerin, wato fitar da katakonsu waje sai da takardar izini. Khalifa, niyyarka mai kyau ce, amma tebur ba hula ba ne da za a sa a jaka. Kuɗin kai shi Amurka zai cinye ribar, kuma in ya isa gidan da ake kunna na'urar ɗumama ɗaki wata biyar ya tsage, wa zai je ya gyara? A fara cin kasuwar gida tukuna.

Khalifa:
Na ji Alhaji, amma ban sallama ba. Ƙananan kaya fa, kamar allon dara mai kyau na maɗaci da 'ya'yansa, ko akwatin ludo? Waɗannan ai suna shiga jaka, kuma 'yan uwanmu na waje za su so.

Dakta Maryam:
Wannan kam zan saya, Khalifa. Su Wyrmwood ɗin ma da ƙananan akwatuna da farantai na wasa suka fara kafin su kai ga tebur.

Amma akwai abin da nake so Malam Sabi'u ya ji kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fara fito da irin teburan nan a Amurka sunansa Geek Chic, a garin Everett na jihar Washington. Suna da wani samfuri mai suna Sultan da ya haura dala 10,000, kuma mutane layi suke yi, a biya kafin alƙalami a jira wata da watanni. Kowa ya ɗauka suna cikin kuɗi. A watan Yunin 2017 suka rufe rana ɗaya, aka bar mutane da yawa sun biya ba tebur ba kuɗi. Masu saye ba su rasa ba. Aikin hannu ne mai cin lokaci, in odar ta fi ƙarfin shago sai a wayi gari kuɗin wanda ya zo yau ake ƙarasa aikin wanda ya zo bara da shi.

Alhaji Nura Gwanzu:
Dakta kin taɓo inda ke kashe masu sana'a a nan, mu da canji ke motsi kowane mako. Sabi'u, ranar da ka karɓi kafin alƙalami, a ranar ka sayi katako da ƙyalle da duk abin da ke bin dala, ka ajiye da sunan mai shi. Kada ka sa kuɗin wani a aikin wani. Kuma ku rubuta yarjejeniya da shaidu, har da cewa za ka dawo bayan hunturun farko ka duba mahaɗa.

Hajiya Binta Mai Kayan Ɗaki:
Kan tambayarka ta biyu, ko akwai kasuwa. In ka ce teburin wasa kake sayarwa, mutum biyar ba za ka samu a shekara ba, don mu ba mu da wasan awa takwas, ludo da whot a kan tabarma ake yin su. Amma ka kawo shi a matsayin teburin cin abinci mai sirri a ciki. Uwar gida za ta ga wurin da yara za su baza littattafai da kayan aikin makaranta, baƙi su zo a rufe. Mai ɗinki za ta ga wurin ajiye yankan da ba ta gama ba. Wadda ta tambaye ni a shago ma don haka take so. Ka yi guda ɗaya mai kujera shida ka kawo in ajiye a gaba, mu ga bakin mutane. La'adata mu yi magana a gefe.

Auwalu Mai Snuka:
Ni kuma ga kasuwar da nake gani kullum ba mai kula ta. A ce wasa ɗaya naira 300 ne, a ce tebur ya yi wasa 40 a yini, 12,000 ke nan, a cire haya da mai na janareta da ladan yaro. Mai irin wannan lissafin ba zai taɓa sayen tebur na miliyan 15 ba, har abada. Waɗannan sai otal-otal da kulob da gidajen masu hali, kuma ba su da yawa. Amma dukkanmu, mai tsada da mai araha, ƙyallenmu yana yagewa, robarmu tana mutuwa da zafi ta daina mayar da ƙwallo, ragar ramuka tana tsinkewa, tebur yana karkacewa in an matsar da shi. Mai gyaran kirki wuyar samu gare shi. Na taɓa ba wani mai kujeru ya sa mini ƙyalle, ya ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, ya bar tattara a bakin rami, sai da na sayi wani yadin. Oga Sabi'u, in ka iya jan ƙyalle da ɗaura roba da saita tebur, ba za ka zauna ba.

Injiniya Bashir:
Auwalu ya faɗi gaskiya, a nan ma haka ne. Tsofaffin tebura cikakku ana samunsu da araha in kulob ya rufe, wani lokaci kuɗin kwancewa da ɗauka da sake ɗaurawa ya fi kuɗin teburin kansa. Masu wannan aikin su ne ba sa rasa ci. Saitin ma ba da ma'aunin magina ake yi ba, akwai na injiniyoyi mai nuna karkatar da ido ba ya gani, ana bi falle bayan falle, a cike mahaɗar dutsen a goge har yatsa ya wuce bai ji gaɓa ba.

Sabi'u Kafinta:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je na auna ɗakin, ƙafa 19 ne da 15, kuma tayil ne a kan daɓen siminti, a ƙasa yake ba bene ba. Na karanta wa Alhaji bayanan Injiniya da na Alhaji Nura, na kuma isar da saƙon Malam Isa yadda ya faɗa. Ya haƙura da cikakken. Na cin abincin ya ce in yi, a falo za a sa shi, kuma ya yarda ya jira katako ya bushe.

Injiniya Bashir:
To ƙafa 9 ne zai shiga, shi ma da kyar ta tsawon, kada a sa kujera ko kabad a bangon da ke kan teburin da na ƙarshensa. A nemi mai dutse falle uku. Ka auna faɗin ƙofar ɗakin da ta gidan ka turo wa Alhaji Nura kafin ya yi oda.

Alhaji Nura Gwanzu:
Ina jira. Zan tambayi masana'antar ko za su sayar da dutse da roba da ƙyalle kaɗai, su haɗo da zanen gangar jikin, Sabi'u ya yi ta da ƙawo a nan. Wasu suna yarda, wasu ba sa yarda. In sun ƙi, sai a ɗauko shi cikakke.

Baba Haladu 'Yan Katako:
Sabi'u, akwai maɗaci da na jera tun bara a bayan rumfa, inci ɗaya da rabi. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar ka ƙwanƙwasa da kanka, ka zaɓi wanda zanensa ya yi maka.

Auwalu Mai Snuka:
Oga Sabi'u, ranar da za a ɗaura na Alhajin don Allah ka sanar da ni. Akwai yarona mai hankali da nake so ya tsaya ya riƙe muku kaya ya ga yadda ake jan ƙyallen.